Faɗaɗa bulokcen ba tare da an miƙa shi ga kamfani ɗaya ba

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa, ina karatun kwamfuta, kuma ina taimaka wa yayana da ke sayar da kayan waya tsakanin Kusseri da Injamena. Masu turo masa kaya daga waje sun fara neman a biya su da USDT, kuɗin intanet mai bin darajar dala. Na karanta cewa Bitcoin ba ya wuce hada-hada 7 a daƙiƙa, Ethereum ma bai fi shi da nisa ba, alhali Tron da Arbitrum da Base suna gudu kamar ba komai. Shin akwai hanyar da za a faɗaɗa bulokcen ya ɗauki jama'a da yawa ba tare da ya koma hannun kamfani ɗaya ba? In kuwa zai koma, me ya bambanta shi da Orange Money?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bulokcen littafin hada-hada ne da kwamfutoci da yawa ke riƙe kwafinsa, ana ƙara masa shafi-shafi da ake kira bulok, kowane a ɗaure da na bayansa, shi ya sa ake ce masa sarƙa. Tambayarka ta kasu biyu: me ke hana bulokcen gudu, sannan in an sa shi ya yi gudu, ikon yana hannun wa. Ta biyun ta fi nauyi, kuma ita ce masu talla ba sa son a yi musu. Hanyoyi akwai su, wasu ma suna aiki yau, amma kowacce ta bar wani abu a hannun wani. Idan aka kawo mini tsari in duba, abin da nake fara tambaya shi ne: ranar da mai gudanar da shi ya ɓace, ko ya ƙi karɓar aikenka, za ka iya fitar da kuɗinka kai kaɗai? Nawa za ka kashe, kwana nawa za ka jira, kuma rezon, wato layin sadarwar, da muke da shi a nan zai isa a yi hakan? Yawan hada-hada a daƙiƙa sai bayan an amsa wannan.

Inda matsewar take

Jinkirin Bitcoin da gangan aka gina shi. Kowace kwamfutar tantancewa, wadda ake kira nod, tana sauko da kowane bulok, ta binciki kowane sa hannu, ta tabbatar ba a kashe kuɗi ɗaya sau biyu ba. Ƙara yawan nod ba ya ƙara gudu, domin ba raba aikin suke yi ba, maimaita shi suke yi. Bulok yana fitowa kusan kowane minti 10. An sa masa iyakar megabait 1 a 2010, sannan gyaran SegWit na watan Agustan 2017 ya sauya yadda ake auna shi, har ya iya ɗaukar fiye da haka. Daga wannan iyaka da tazarar minti 10 ɗin adadin 7 da ka karanta ya samo asali. A Ethereum bulok yana zuwa kowane daƙiƙa 12 tun sauyin watan Satumban 2022, kuma iyakarsa gas ce, wato ma'aunin yawan lissafin da aka yarda a yi a bulok ɗaya.

Wurin da ke cikin bulok gwanjonsa ake yi. In an yi cunkoso, wanda ya fi biya shi ke shiga. A ranar 20 ga Afrilun 2024 matsakaicin kuɗin aike ɗaya a Bitcoin ya haura dala 100. Mai son tura sefa 5,000 ba shi da wuri a irin wannan rana.

Abin da kowa ke fara faɗa shi ne a ƙara girman bulok. Yi lissafin da kanka. A ce ana son hada-hada 4,000 a daƙiƙa, kowace tana cin bait 250. Megabait 1 ke nan kowace daƙiƙa, gigabait 86 a rana, fiye da terabait 31 a shekara. Wa zai iya sauko da wannan a Garwa ko Marwa, inda wutar yankin ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, ana rabon ta unguwa-unguwa in ruwa ya ja baya, kuma data da tsada ake sayen ta? Waɗanda za su iya su ne manyan cibiyoyin ajiyar bayanai a Turai da Amurka da Asiya. Mu sai dai mu tambaye su nawa ne a asusunmu, mu yarda da abin da suka ce. A kan wannan aka yi shekaru ana rigima har Bitcoin Cash ya ɓalle a ranar 1 ga Agustan 2017 da bulok mai megabait 8. Solana ta bi wannan hanya da gaske: tana da gudu, kuɗin aikenta kaɗan ne, amma mai tantancewa yana buƙatar injin da ƙwaƙwalwarsa ta kai ɗaruruwan gigabait da layin intanet mai ƙarfi, kuma sarƙar ta tsaya cik na kusan awa 17 a watan Satumban 2021, ta sake tsayawa kusan awa 5 a Fabrairun 2024. Tron kuwa, wadda 'yan kasuwarmu suka fi sani saboda USDT, wakilai 27 ne kawai ke rubuta buloks ɗinta, ɗaya bayan ɗaya kowane daƙiƙa 3. Saurinta daga ƙarancin masu rubutun yake.

Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, shi ne ya yaɗa bayanin cewa abu uku ne ke ja-in-ja: tsaro, rarrabuwar iko, da yawan aiki. Hanyoyin da suka cancanci a kira su na rarrababben iko duk dabara ɗaya suke nema: a yi aikin a wani wuri, amma a bar wa mai ƙaramar kwamfuta damar tabbatar da cewa ba a yi maguɗi ba, da damar fita.

Lightning

Hanya ta farko ita ce Lightning, tsarin biyan kuɗi da aka ɗora a kan Bitcoin. Joseph Poon da Thaddeus Dryja ne suka fitar da tsarin a 2015, aka fara amfani da shi da kuɗi na gaske a 2018. Kamar 'yan kasuwa biyu ne da suka ajiye kuɗi a akwati mai makulli biyu, suna ta cinikinsu suna sabunta takardar rabon da dukansu suka sa wa hannu, ba su buɗe akwatin sai ranar rabuwa. Akwatin shi ne adireshi a kan sarƙar Bitcoin da ba ya motsi sai da sa hannun mutum biyun. Buɗe wannan akwati, wanda ake kira kafar biya, aike ɗaya ne a kan sarƙa, rufewa ma ɗaya. Tsakaninsu za a iya biyan juna sau dubbai, kowane cikin daƙiƙoƙi, sarƙa ba ta ma sani ba.

Me zai hana abokin kafarka ya ɗauko tsohuwar takarda, ta lokacin da rabonsa ya fi yawa, ya kai wa sarƙa? Duk lokacin da aka sabunta rabo, kowa yana miƙa wa ɗan'uwansa sirrin soke tsohuwar. Wanda ya rufe kafa shi kaɗai, kuɗinsa ba ya fita nan take, sai ya jira wani wa'adi, galibi daga bulok 144 zuwa 2016, wato kwana ɗaya zuwa mako biyu. In tsohuwar takarda ya kawo, kai kana da wannan wa'adin ka fito da sirrin sokewa ka kwashe duk abin da ke cikin kafar a matsayin tara. Ba sai kana da kafa da kowa ba: biya yana ratsa kafofin wasu, a ɗaure da sirri guda, ta yadda ko dai kowa a hanyar ya samu nasa ko kuma kuɗin ya koma inda ya fito. Na tsakiya ba ya iya riƙewa.

A nan ne yanayinmu ya shigo. Tarar ba ta aiki sai in kana kallon sarƙa a cikin wa'adin. A 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru kimanin wata uku, daga Janairu zuwa Afrilu. Wata uku ya ninka mako biyu sau shida. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin matsala. Maganin shi ne hasumiyar tsaro, wato wata nod da kake bai wa rufaffen bayanin tara, ita ke watsa shi in ta ga an yi yunƙurin zamba. Shawarata ita ce hasumiyar ta kasance a wata ƙasa, a kan wani layin intanet daban. In tana ɗaki ɗaya da nod ɗinka, abin da ya kashe ɗaya zai kashe ɗayar.

Matsala ta biyu tana rikita kusan duk sabon shiga. Ka buɗe kafa da abin da ya kai sefa 100,000, duk kuɗin yana ɓangarenka. Za ka iya aikawa, amma ba za ka iya karɓar ko sefa 500 ba sai ka kashe wani abu ya koma ɗaya ɓangaren, ko wani ya buɗe kafa zuwa gare ka. Ga mai shago, wanda karɓa ce aikinsa, wannan babban cikas ne, shi ya sa aka samu kamfanonin da ke sayar da gurbin karɓa. Babban biya kuma yakan kasa samun hanya, saboda kowace kafa a hanyar dole ta kasance da isasshen kuɗi a ɓangaren da ya dace. Na uku, kuma mafi haɗari ga mai nod: kada ka taɓa dawo da tsohon kwafin bayanan kafofinka bayan injin ya lalace. Nod ɗin zai ɗauka tsohon rabon ne na yanzu, in ya watsa shi abokin kafa zai ci ka tara bisa ƙa'ida, kuɗin ya tafi. Akwai kwafin ajiya na musamman da aka yi don wannan, wanda aikinsa kawai ya roƙi abokan kafa su rufe.

Walet ɗin Lightning, wato manhajojin ajiye kuɗi da aikawa, ba iri ɗaya ba ne. A Phoenix makullin yana wayarka, ko da yake kafarka da kamfani ɗaya take, kuma za ka iya tilasta rufewa ka koma sarƙa. Wallet of Satoshi ya yi suna ne da sigar da kamfanin ke riƙe kuɗin. Machankura, wanda Kgothatso Ngako na Afirka ta Kudu ya fara a 2022, ya sa mai ƙaramar waya marar intanet ya iya aikawa ta lambobin USSD, aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ta wannan hanyar kuɗin yana hannun mai sabis. Duk suna cewa Lightning, amsarsu ga tambayar fita ta bambanta.

Kuma Lightning yana da rufi. In an ba da dukkan wurin bulok ga buɗe kafofi kaɗai, 7 a daƙiƙa, kimanin 604,800 ke nan a rana. Mutum biliyan 8 za su ɗauki fiye da shekara 36 kafin kowa ya samu kafa ɗaya. Shi ya sa ake gwada tsare-tsaren haɗin gwiwa irin Fedimint, inda amintattu kaɗan na al'umma, misali mutum 4 da ake buƙatar 3 daga cikinsu, ke riƙe kuɗin jama'a tare. Ya fi a bar wa mutum ɗaya, kuma ya dace da inda mutane suka san juna. Sai dai in ukun suka haɗa baki, ba ka da ƙofar fita.

Tsarin dunƙulawa a kan Ethereum

Arbitrum da Base da ka ambata suna cikin abin da ake kira rolof, kuma tun Oktoban 2020 Ethereum ta ɗora shirin faɗaɗawarta a kansu. Kana tura aikenka zuwa wata na'ura mai jerawa. Ita ke jera aike-aiken mutane, ta zartar, ta ba ka amsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Bayan haka sai ta dunƙule ɗaruruwa ko dubbai, ta matse su, ta rubuta a kan Ethereum tare da taƙaitaccen hatimin yadda asusun kowa ya koma. Kuɗin rubutun guda sai a raba wa duk waɗanda ke cikin dunƙulen. Ainihin kuɗin yana kulle a wata yarjejeniya mai zartar da kanta a kan Ethereum, ba ya fita sai an gamsar da ita cewa hatimin gaskiya ne.

Hanyar gamsarwar iri biyu ce. Arbitrum da Optimism da Base suna kyautata zato ne: ana ɗaukar hatimin daidai, a bar kimanin kwana 7 ga duk wanda ya ga ƙarya ya ƙalubalanta. In an yi ƙalubale, ana ta rage faɗin saɓanin har a kai ga mataki ɗaya na lissafi, Ethereum ta yi shi da kanta, maƙaryaci ya rasa jinginarsa. Mai gaskiya guda ɗaya da ke sa ido ya isa. Saboda wannan wa'adi ne fita ta gadar asali, wato hanyar mayar da kuɗi daga rolof zuwa Ethereum, ke cin mako guda. Sauran, irin su zkSync Era da Starknet da Scroll da Linea, suna haɗa kowane dunƙule da hujjar lissafi wadda samar da ita ke da nauyi amma duba ta ke da sauƙi. Ba a jiran mai ƙalubale, fita takan ɗauki awanni. Farashinsa shi ne injinan samar da hujja masu tsada, da manhaja mai sarƙaƙiya wadda kuskure ke iya ɓuya a cikinta.

Abin da ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan tsarin, shi ne dalilin rubuta bayanan kansu a kan Ethereum. In hatimi kaɗai aka rubuta, mai jerawa ya ɓoye bayanan, ba wanda zai iya gano ƙarya, ba kuma wanda zai iya nuna nawa ne rabonsa ya fita. A kan wannan dutse tsarin Plasma na 2017 ya yi tuntuɓe. In bayanan suna fili, ko kamfanin ya rufe gobe, kowa zai iya sake gina asusun kowa daga abin da ke kan Ethereum. Gyaran Dencun na 13 ga Maris 2024 ya buɗe wa bayanan wuri na musamman, bulob, kowane kilobait 128, ana son 3 a bulok, iyaka 6, kuma nod na iya goge su bayan kimanin kwana 18, tunda wa'adin ƙalubale ya wuce. Nan take kuɗin aike a rolof ya faɗi, har sau da yawa aike mai sauƙi ba ya kai sefa 25. Gyaran Pectra na Mayun 2025 ya ɗaga adadin zuwa 6 da 9. A Disamban 2025 aka kawo PeerDAS: ana faɗaɗa bayanan ninki biyu ta yadda kowane rabi ya isa a dawo da duka, a yanka su gida 128, kowace nod ta riƙe kaɗan ta kuma ɗanɗani wasu. Wanda ke son ɓoye bayanai dole ya ɓoye fiye da rabi, masu ɗanɗano kuwa za su gano shi da wuri. Wannan ita ce faɗaɗawar da ta fi burge ni, domin aikin sarƙa yana ƙaruwa ba tare da an ɗora wa kowace nod dukkan nauyin ba. Tsohon shirin tsaga Ethereum gida-gida, kowane gida da nasa lissafin, an ajiye shi saboda wannan; sarƙoƙin NEAR da TON su suka ci gaba da irin wancan.

Yanzu ga inda zarginka ya yi daidai. A mafi yawan manyan rolof, mai jerawa na'ura ce ta kamfani ɗaya: ta Base tana hannun Coinbase, ta Arbitrum One tana hannun Offchain Labs. In hujjoji suna aiki, mai jerawa ba ya iya sace kuɗinka, amma yana iya jinkirta ka, ya sa wani gabanka, ko ya tsaya. Na Arbitrum ya tsaya fiye da awa ɗaya a 15 ga Disamban 2023 saboda cunkoso. A Yunin 2024 masu Linea sun dakatar da nasu da gangan bayan an yi wa wata kasuwa da ke kansa kutse. Niyyar ta kare jama'a ce, amma ta nuna akwai maɓallin kashewa da wanda ke riƙe da shi. Ƙofar gaggawa ita ce ka rubuta aikenka kai tsaye a kan Ethereum, a tilasta shigar da shi: bayan awa 24 a Arbitrum, cikin awa 12 a Optimism da Base. Ƙofar gaskiya ce, sai dai kuɗin Ethereum za ka biya, kuma ranar da kowa ke gudu ita ce ranar da gas ya fi tsada. Wanda ajiyarsa sefa 10,000 ce, ƙofar tana iya cinye ajiyar.

Abin da ya fi mai jerawa haɗari shi ne makullin sauya yarjejeniyar. In wasu mutane kaɗan za su iya canja dokar akwatin nan take, duk hujjojin da na bayyana suna ƙarƙashin amanarsu. A Arbitrum majalisar tsaro mai mutum 12 ce, 9 daga ciki na iya yin gyaran gaggawa. Shafin L2Beat yana jera rolof a mataki 0, 1 da 2 bisa wannan, kuma sai a mataki 2 ne ake ba masu amfani kwana 30 su fita kafin a sauya doka. Manyan da jama'a ke amfani da su ba su kai can ba tukuna. Ana dai matsawa: Optimism ya buɗe ƙalubale ga kowa a Yunin 2024, Arbitrum ya bi a Fabrairun 2025, rolof ɗin Taiko kuma ya fara a 2024 da tsarin da masu rubuta buloks na Ethereum ne ke yin jerin, abin da ke rage ikon kamfani amma ya rage saurin amsa.

Gadoji da sarƙoƙin gefe

Sarƙar gefe tana da nata masu tantancewa, ba ta aron tsaron uwar sarƙa. Liquid, a gefen Bitcoin, makullai 15 ne ke tsare kuɗinta, ana buƙatar 11. Haka duk rolof ɗin da ke ajiye bayanansa a wani wuri daban ya ƙara wani da za ka amince wa. Da yawa daga cikin manyan asarori a gada aka yi su, wato tsarin da ke ƙetarar da kuɗi daga wata sarƙa zuwa wata. A farkon 2022 gadar Ronin tana da masu sa hannu 9, ana buƙatar 5. A Maris 2022 ɓarayi suka samu biyar ɗin, suka kwashe fiye da dala miliyan 600. Wata ɗaya kafin nan kuskuren duba sa hannu ya jawo wa Wormhole asarar kimanin dala miliyan 320. Gadar Harmony makulli 2 kacal take buƙata, aka kwashe kusan dala miliyan 100 a Yunin 2022. Idan ka ga gada, ƙirga makullanta kafin ka duba saurinta.

Game da harkar yayanka

Tsakanin Kusseri da Injamena sefa ɗaya ce, ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, don haka cinikin ƙetare gadar Ngeli da ke haɗa garuruwan biyu ba ya buƙatar bulokcen. Ga ƙananan biya na yau da kullum, kuɗin waya ya fi: doka ta san shi, akwai ofishin da za ka kai ƙara, akwai wakili a kowace unguwa. Bambancin rolof da Orange Money shi ne kowa na iya duba littafin, makullin yana hannunka, kuma akwai hanyar fita da ba ta bi ta kamfanin ba. Wannan yana da daraja ne gwargwadon yadda za ka iya amfani da shi.

Sannan ka sani USDT kansa na kamfani ne. Tether na iya daskarar da kowane adireshi, a Tron ko Ethereum, kuma yana yi. Ko titin ya zama na kowa, kayan da ke kai na mutum ɗaya ne. Kuma USDT dala yake bi, sefa kuwa an ɗaure ta da yuro a kan 655.957, saboda haka duk wanda ya ajiye USDT yana ɗauke da hawa da saukar dala a kan yuro. A ɓangaren doka, a Mayun 2022 COBAC, hukumar sa ido kan bankunan yankin, ta hana bankuna da kamfanonin biyan kuɗi da ke ƙarƙashinta a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Cadi ke ciki, taɓa harkar kirifto, wato kuɗaɗe irin su Bitcoin da USDT. Bayanina na fasaha ne. Hukuncin shigo da kaya da fitar da kuɗi ya nemi masanin doka, na halacci kuma ya nemi malamai.

In dai za a biya, kuskuren da na fi gani shi ne na hanya. Adireshin Tron yana farawa da T, harafi 34. Na Ethereum da Arbitrum da Base da BNB duk suna farawa da 0x, harafi 42, kuma adireshi ɗaya ne a dukkansu, don haka walet ba zai gargaɗe ka ba in ka zaɓi sarƙar da mai karɓa ba ya amfani da ita. In makullin yana hannunsa zai iya ganin kuɗin a can. In asusun kasuwar musaya ne da ba ta karɓar wannan sarƙa, dawo da shi sai an yi sa'a. A tambayi sunan sarƙar a rubuce, a fara tura kaɗan, a jira ya tabbatar. Kada a kwafi adireshi daga tarihin walet, domin 'yan damfara suna turo ƙwandala daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka. A ajiye ɗan kuɗin gas, ETH a Arbitrum da Base, TRX a Tron, in ba haka ba USDT zai zauna kana kallonsa ba ya motsi. A Tron kuma turawa adireshin da babu USDT a cikinsa yana cin kusan ninki biyu. Ga babban kuɗi a rolof, amsar farko alkawarin mai jerawa ce kawai, a jira a rubuta dunƙulen a kan Ethereum ya tabbata, abin da yakan ɗauki kusan minti 20 zuwa awa ɗaya, kafin a saki kaya. Waɗannan adadi suna sauyawa da kowane gyara, ka riƙa duba na ranar.

Kai kuma da kake karatun kwamfuta, ka kunna nod, ko da tare da abokan ajinka. Ta Bitcoin ba ta buƙatar babban inji: ƙaramar kwamfuta mai cin wat 10 zuwa 15, faifan SSD na terabait 2, da batir da farantin sola. Tarihin sarƙar ya haura gigabait 600, kuma ko ka zaɓi yanayin datsewa, wanda ke iya rage buloks da aka ajiye zuwa megabait 550, sai ka bi ta kan dukkansa sau ɗaya. Ba dole ta intanet ba: za ka iya kwafo fayilolin buloks daga faifan wani, ka sa manhajar ta sake tantance su daga farko, don haka ba ka dogara da gaskiyarsa ba. Bayan nan, in ka saita ta karɓi buloks kaɗai, megabait 200 zuwa 300 a rana sun isa. Batirin wajibi ne, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu yakan lalata rumbun bayanan, gyaransa kuma ya ci kwanaki. A zafin Maris da Afrilu, in ma'auni ya haura 40, ka sa mata fanka ka ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙura, domin faifan yana rage gudu da kansa in ya yi zafi. Sai ka haɗa walet ɗin wayarka da ita, ta yadda in an biya ka, injinka ne zai faɗa maka kuɗin ya shigo.